Mai Amsa Sallama

Ciwon baya ne ya kai ni, ba sha'awar al'adun Sinawa ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, domin na gaji da amsa tambayar. A farkon shekarun dubu biyu na tafi Kuala Lumpur karatun digiri na biyu. Na kama ɗaki a hawa na tara na wani dogon bene a Setapak, kullum in hau bas zuwa Jalan Semarak in wuni a sunkuye gaban kwamfuta. Kafin shekara ta zagayo, sai na dafa bango nake iya tashi daga sujada. Shekarata talatin da biyu a lokacin, amma in ka ga yadda nake ɗaura igiyar takalmi sai ka rantse ina da jikoki.

A ƙasan benen namu akwai wani filin siminti mai rufin kwano. Da yamma yara ke wasa a wurin, da sassafe kuma wasu tsofaffin Sinawa su jeru suna ɗaga hannu a hankali suna saukewa. In na dawo daga sallar asuba nakan wuce su ina dariya a zuci. Wata safiya mai koyar da su ya tare ni. Wani gajeren tsoho ne ramamme, tsohon bakaniken bas, hannuwansa duk tabon ƙuna. Ya kalli tafiyata, ya nuna bayana, ya ce, “Boleh, boleh,” wato zai yiwu. Ni ban ce ina so ba. Ya kama kafaɗata ya tsayar da ni a layin baya. Sifu suke ce masa, ma'ana malam, ni ma na bi su da haka.

Shekara uku na yi a hannunsa. Doguwar tai chi yake koyarwa, motsi ɗari da takwas a jere, an raba su kashi uku, yin su gaba ɗaya yana cin kusan minti ashirin da biyar. Ba shi da yawan magana. Turancinsa kaɗan ne, nawa Malayancin kuwa ba a cewa komai. Doka ɗaya gare shi: daga lokacin da hannu ya tashi har ya sauka a motsi na ƙarshe, baki a rufe. Babu waiwaye, babu susa, ko da ana ruwa kamar da bakin ƙwarya iska na watso shi har cikin rumfar. Wanda ya tsaya a tsakiya ko ya yi magana, to ranar bai yi ba, sai ya koma farko.

Bayana ya warke. Na gama digiri, na samu aikin koyarwa a wata 'yar kwaleji a nan Setapak, na ɗauko iyalina daga Zariya. Sai gwiwoyin Sifu suka gaza, 'yarsa ta zo ta ce za ta tafi da shi wajenta a Ipoh. Ana gobe zai tafi ya ja ni shagon mamak, wato shagon shayin Indiyawa Musulmi da ke bakin titi, aka kawo mana shayi, ya turo mini makullin ɗan siton da ake ajiye tsintsiya da rediyon kaset. Cikin mutanensa duka ni kaɗai na kai ƙarshen ɗari da takwas. Sauran sun yi shekara goma suna yawo tsakanin kashi na ɗaya da na biyu, kuma hakan ya ishe su. Ya ɗaga yatsa guda ya ce, “Mutum ɗaya. Ni na kai ka ƙarshe, na fita. Kai ma ka kai mutum ɗaya.” Na ce to. Wallahi da na san abin da na ce wa to, da na nemi ƙarin shayi na yi dogon tunani.

Tsofaffin Sinawan ba su yi mini rashin mutunci ba. Sun dai zame ne ɗaya bayan ɗaya, wannan jika ya hana ta, wancan ya samu wani malami a bakin tafkin Titiwangsa. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da a gida aka kawo mini baƙo daga wata ƙasa ya koya mini dambe, da na nemi uzuri. Wata shida bayan tafiyar Sifu na buɗe sito wata safiya, na share filin tas, na kunna kaset, na tsaya ni kaɗai har kaset ɗin ya ƙare.

Shi ne na koma wa mutanena. Bayan sallar Juma'a na riƙa bin su ina cewa akwai maganin ciwon baya kyauta, Asabar da Lahadi, ƙarfe bakwai na safe. Ai kuwa suka zo. Yawancinsu malaman manyan makarantu ne daga Arewa da gwamnati ta turo ƙarin karatu, kowa da tumbinsa da ciwon wuyansa. Sai wasu 'yan'uwanmu Kirista na Kaduna da Filato da ke zaune a Cheras, wani ya gaya wa wani. Ranar farko tambayoyi ne suka cinye ta. Shin wannan abu addini ne? Na ce a'a. To me ya sa ake rusunawa da farko? Na ce an soke rusunawar daga yau. Wani Bakano ya kalle ni ina nuna motsin farko ya ce, “Malam, wannan ai kamun sauro ne. Yaushe za a zo wajen dukan?” Na ce ba a zuwa. Bai sake dawowa ba, Allah ya raka taki gona ban ce ba, amma na ji sauƙi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya kusa haukata ni sallama ce.

Ƙarfe bakwai a wurin mutanenmu tana farawa ne daga bakwai da kwata, ta miƙe har takwas saura. Sai mun jeru, hannuwa sun tashi, numfashi ya fara daidaita, sai ka ji daga bakin fili, “Salamu alaikum!” Nan take mutum goma sha huɗu su amsa da murya ɗaya, hannuwa su zube, layi ya watse. A yi musabaha. Ina kwana, ina gajiya, ya karatu, ya Madam, an ji daga gida kuwa? Kafin in tattara su in sake jera su, an ci minti biyar. Mu sake farawa, mu kai motsi na shida, sai wani kuma ya ɓullo da tasa sallamar. Wata biyu cur ba mu taɓa wuce motsi na goma a jere ba. Nakan koma sama kaina na sarawa, matata ta ce, “Kai da ka je neman lafiya?”

Rannan na fusata na kafa dokar Sifu. Na ce daga yau in hannu ya tashi, ko wane ne ya zo, ba mai buɗe baki. Suka ce sun ji. Ashe tsautsayi na jira na. Wanda ya makara a ranar shi ne wani dattijo Basakkwace da ke jan mu salla in mun taru, mutumin da kowa ke jin nauyinsa, karo na farko ke nan da ya zo. Ya yi sallama. Shiru. Ya sake, da ƙarfi. Na ji mutanena suna motsi a bayana kamar an zuba musu ƙaiƙayi, amma na kafe idona a kan ginshiƙi. Ya yi ta uku, ya juya ya tafi.

Kafin Juma'a labari ya gama gari cewa abin 'yan Caina ya hana amsa sallama. Asabar ta gaba mutum uku suka zo. Matata ba ta tausaya mini ba ko kaɗan. Ta ce, “Kai ma dai, Baban yara. Babban mutum ya yi maka sallama har sau uku, ka tsaya kana shafa iska? Da Inna ta ji wannan sai ta ce ba ita ta haife ka ba.” Na san gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya ƙara ba ni haushi.

Na wanke ƙafa na je har gidan dattijon na ba shi haƙuri. Ya bar ni na yi bayani har na gaji, sannan ya ce, “To kai da ka yi karatun allo, ka manta ne? In jama'a suna tare aka yi musu sallama, mutum ɗaya ya amsa, ai ya ɗauke wa saura.” Shekara da shekaru na san wannan, amma bai taɓa zo mini a filin siminti ba.

Daga nan aka samu muƙamin mai amsa sallama. Kowace safiya mutum ɗaya ne zai tsaya a ƙarshen layin baya, kusa da ginshiƙin da ake shigowa. Yana yin motsin tare da mu, amma da an yi sallama shi kaɗai zai sauke hannu. Ya amsa, ya ba da hannu, ya yi gaisuwar gaba ɗayanta a madadin kowa, har da tambayar Madam da yara, sannan ya nuna wa mutum inda zai tsaya. Sauranmu mu ci gaba, zuciya a kwance. Ana juyawa ne, yau wannan gobe wancan, Kirista da Musulmi, don gaisuwa ba ta san wannan ba. Har rigima aka riƙa yi a kan muƙamin, saboda mai amsawa na samun hutun cinya. Wani ɗan Gombe na kama shi yana addu'ar a makara.

Wanda ya fi kowa iya aikin shi ne wani mutumin Filato da muke ce wa Dakta. Bai zama dakta ba tukuna, digirin ya zo nema, amma tun watansa na farko aka laƙaba masa, ya bi shi. Ya haura hamsin, ya girme ni nesa ba kusa ba, ƙato ne mai nauyin jiki, ga ciwon suga. In Dakta ya tari wanda ya makara, sai ya gaishe shi kamar shekara suka yi ba su haɗu ba, da wannan Hausar tasu ta kan dutse mai daɗin ji, har mutum ya manta ya makara. A wajen tai chi kuwa ban taɓa samun ɗalibi mai taurin jiki irinsa ba. In na ce hagu, sai ya tsaya ya yi shawara da ƙafafunsa. Kuma Asabar kaɗai yake zuwa, don Lahadi yana coci, saboda haka abin da wasu ke koya a wata ɗaya shi sai ya yi wata uku. Bas biyu yake hawa daga Cheras, bai taɓa makara ba. Ban taɓa sa shi a lissafina ba.

Sallama ta daina wahalar da ni, sai tafiya ta karɓa. Mai digiri na biyu shekara biyu gare shi, mai na uku shekara uku. Wata shida na farko mutum na koyon tsayuwa ne kawai. Da ya fara jin ƙafafunsa, ya gama kashi na ɗaya, ya leƙa na biyu, sai ka ji an ce ya kare aikinsa, a zo walima. Mu ci shinkafa, mu ɗauki hoto, mu raka shi tasha. Sai sababbi su sauka, in koma: tsaya, raba ƙafa, ɗaga hannu, sauke. Allah kaɗai ya san sau nawa na koyar da wannan motsin na farko. Akwai wani ɗan Katsina mai laushin jiki, sau ɗaya ake nuna masa abu, na riga na gama sa rai da shi. Yana dab da ƙare kashi na biyu makarantarsu ta kira shi gida. A walimarsa na yi murmushi a hoto, amma shinkafar ba ta wuce mini ba.

Na gwada 'ya'yana. Babbar ta kalle ni ta ce, “Tak mau lah, Baba,” wato ba ta so, ta koma kan talabijin. Ko Hausar ma da ƙyar ake samun su amsa da ita, balle tsayuwa a kan ƙafa ɗaya.

Duk sabuwar shekarar Sinawa nakan ɗauki lemo in hau bas zuwa Ipoh gaida Sifu. Ba ya tambayar lafiyata, ba ya tambayar yara. Da na zauna sai ya ɗaga yatsa guda, ya ɗaga gira. In girgiza kai. Sai ya ɓare lemo ya ba ni rabi, mu ci tare. A shekara ta huɗu na tarar shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, magana ta ɗauke gaba ɗaya, yana kwance a gadon da aka sa masa a falo. Hannun hagu kaɗai ke motsi. Da shi ya ɗaga mini yatsan. A bas ɗin dawowa na ji haushinsa, na ji haushin kaina, na ji kamar in jefa makullin siton ta taga. Wa ya aike ni? Ni da na zo neman takardar digiri, na ɓuge da ɗaukar alkawarin wani tsohon bakanike.

A wannan shekarar ce na farga da wani abu. Duk waɗanda suka fara tare da Dakta sun tafi, waɗanda suka zo bayansu ma sun tafi, shi yana nan. Aikin digirinsa ya ƙi ƙarewa. An canza masa malamin da ke duba shi, aka ce ya sake tattara bayanai, ya sake, aka ce ya gyara babi na huɗu. Shi kuwa kowace Asabar yana nan yana shawara da ƙafafunsa, kuma a hankali a hankali, ban ma lura ba, ya shiga kashi na uku.

Zan faɗi wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wata safiya bayan mun tashi, muna zaune a shagon mamak yana shan shayinsa marar suga, ya ce mini, “Malam, sun sake dawo mini da aikin. Sai wata shekarar kuma.” Idonsa ya kaɗa. Matarsa na can gida da yara biyar, ƙaramar ba ta ma san shi sosai ba. Bakina ya ce, “Ash-sha, Dakta. Allah ya kawo sauƙi.” Zuciyata kuwa ta riga ta fara ƙirga Asabar nawa ke cikin shekara. Daɗi na ji. Mutum yana gaya mini baƙin cikinsa, ni ina jin daɗi. Har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina.

A lokacin ajin ya riga ya mutu a tsaye. Sababbin ɗaliban da ke zuwa samari ne, sun fi son wurin ɗaga ƙarfe mai sanyi da kiɗa. Ni ma na gaji da bin mutane bayan Juma'a kamar mai tallan magani. Lahadi ta mutu da kanta. Asabar ta rage daga ni sai Dakta. Muƙamin mai amsa sallama ma ya tafi, don babu mai zuwa balle ya makara.

A ƙarshen shekararsa ta biyar Allah ya yi, Dakta ya zama dakta na gaskiya. Na taya shi murna, wannan karon har zuci, amma saura Asabar huɗu kacal ya tafi. Ya riga ya san motsin duka, ɗaya bayan ɗaya. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya ɗauko su daga farko har ƙarshe ba tsayawa, kuma a dokar Sifu in ba a yi haka ba, ba a kai ba. Asabar ta farko ya manta hanya a tsakiyar kashi na biyu. Ta biyu jijiyar ƙafarsa ta ɗaure. Ta uku suga ya faɗi, sai da na gudu shago na samo masa alewa. Ƙafafunsa ba sa ɗaukar gwaji biyu a rana ɗaya.

Asabar ta ƙarshe ya zo da akwatunansa, ya jingine su a jikin sito, don tasi za ta zo ɗaukarsa ƙarfe takwas saura kwata zuwa filin jirgi. Na ce, “Dakta, ka karya kuwa?” Ya ce, “Na karya, Malam. Na kuma yi addu'a. Kai ma ka yi taka, a haɗa.” Na ce na yi tun asuba.

Ban kunna kaset ba. Na tsaya a gaba, shi a baya, muka ɗaga hannu. An yi ruwa da asuba, simintin na da sanyi, ƙamshin suya na tasowa daga shagon bakin titi. Kashi na ɗaya ya wuce lafiya. A na biyu na ji numfashinsa ya yi nauyi, amma ya tsallake inda ya manta rannan. Muka shiga na uku. Akwai wani wuri da ake durƙusawa ƙasa sosai a kan ƙafa ɗaya, ɗayar a miƙe, nan ne kullum yake zubewa. Na ji gwiwarsa ta yi ƙara, na ji ya yi nishi, na ji ya taso. Sai da ya sake yin ta karo na biyu ya taso, sannan na yarda. Saura motsi bai fi goma ba.

“Salamu alaikum.”

Muryar babban mutum ce, kuma Hausar Zazzau ce tsantsa. Ta gefen ido na hango shi a bakin ginshiƙi, da hula da jakar bakko a hannu. Babu mai amsawa a layin baya, don babu layin baya.

“Salamu alaikum!”

Sai na ji Dakta ya ja numfashi a bayana. Na san wannan jan numfashin. Shekara biyar yana amsa wa mutane, bakinsa ba ya neman izininsa. In na bari aka yi ta uku, ko dai ya amsa komai ya rushe, ko mu yi shiru mu biyu in sake abin da na yi wa dattijon nan. Ban yi wani tunani mai tsawo ba. Na sauke hannuna na ce, “Wa alaikumus salam!” da ƙarfin da sai da kwanon rumfar ya amsa.

Na nufi baƙon da sauri na kama hannunsa da hannu biyu. Na ga idonsa ya koma kan Dakta, zai je ya ba shi hannu shi ma, kamar yadda duk ɗan mutunci zai yi. Sai na ja shi muka zagaya bayan siton, inda ba ya ganin Dakta. Ni ma ba na ganinsa.

Ashe ƙanin abokin mahaifina ne daga unguwarmu, ya zo karatu da girmansa, kwana biyu ke nan da saukarsa. Ya hau sama matata ta ce ina ƙasa. Inna ce ta ba shi saƙo, kuka da daddawa da yaji, ga su nan a jaka. Na durƙusa na gaishe shi, ina ƙirga motsin Dakta a kaina. “Kawu, an zo lafiya? Ya hanya?” Yanzu ya taka gaba ya haɗa hannu. “Ya Inna? Ya ƙafar tata?” Yanzu ya ja da baya. “Ya su Yaya Babba? Ya mutanen Tudun Wada?” Yanzu zai juya gaba ɗaya a kan ƙafa ɗaya, Allah ka riƙe shi. Da na ga Kawu na shirin cewa bari ya gaida abokin nawa, sai na ƙara riƙe hannunsa. Na tambayi limamin unguwa. Na tambayi damina. Na tambayi mai shayin bakin masallaci da ban tuna da shi ba shekara takwas. Daga baya na ji ya aika gida cewa bai taɓa ganin yaron da zaman waje bai ɓata ba irina.

Da lissafina ya cika na ƙara kaɗan, sannan muka zagayo. Dakta na tsaye, ƙafafu a haɗe, hannuwa a sauke, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Shekara biyar ina jiran in ga hannun wani ya sauka a wannan wurin, da ya sauka ina bayan sito ina tambayar lafiyar mai shayi.

Na ce, “Dakta, ka kai?”

Ya ce, “Na kai, Malam.”

“Ba ka tsaya ba? Ba ka yi magana ba?”

“Bakin ya buɗe,” in ji shi, “amma ba abin da ya fito.”

Bai jira na ce komai ba, ya wuce ni ya kama hannun Kawu. “Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. A yi mini haƙuri, ina cikin aiki ne. An zo lafiya? Ya aka baro mutanen gida?” Suna cikin wannan tasi ta iso. Muka sa akwatuna, muka rungumi juna, ban samu na ce masa ko rabin abin da na shirya ba. Da motar ta tafi Kawu ya dafa ƙugunsa ya ce, “Wai ni wannan abin da na ga kuna yi, yana maganin ciwon baya kuwa?” Na ce, “Yana yi, Kawu. Asabar, ƙarfe bakwai.”

Ban jira sabuwar shekara ba. Washegari na hau bas zuwa Ipoh, ko lemo ban tsaya saye ba. A hanya ina ta juya abin. Ban gani ba. Mai yiwuwa ya tsallake motsi ɗaya bai sani ba, mai yiwuwa ya ɗan dafa ginshiƙi a wajen juyawar. Amma mutumin da ya yi shekara biyar yana hawa bas biyu bai makara ba, ban ga dalilin da zai sa ya yi mini ƙarya a rana ta ƙarshe ba.

Sifu ya ƙara ramewa, 'yarsa ta ce kwana biyu ko kunun shinkafa da ƙyar yake sha. Na zauna a bakin gadon. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni. Sannan hannun hagun ya taso daga kan bargo, yatsa guda a miƙe.

Na kama yatsan, na lanƙwasa shi a hankali cikin tafin hannunsa, na rufe da nawa. Ya lumshe ido. Bai ɗaga gira ya tambaye ni ko na gani ba.